WASIƘAR WARRA: Zanen Aro Da Karatun Ingila

Zuwa ga Edita,

 Na yi niyya makon nan in ba masu karatu labarin janyewar ruwan tafki da halin da manoman albasa su ke ciki, sai ga takardar nan da ka turo mini, ta sa na ajiye wancan tukuna. Takardar ta wani bawan Allah ce daga ƙasar Shanga, bai yarda a buga sunansa ba, ni ma ba zan buga ba. Ya ce ƙanen matarsa ya gama digiri, ya sami gurbi a wata jami'a ta Ingila, dangi duk sun zuba masa ido don shi ne mai ɗan hali a cikinsu. Ya ce an gaya masa abin ba wuya, kuɗi kawai za a nuna a banki kwana 28, in biza ta fito kowa ya kwashe nasa, yaro kuwa in ya isa zai yi aiki ya riƙe kansa. Ya ƙare da cewa ya ji ni na taɓa tura yaro, don haka ya ke neman shawarata.

To, Malam na Shanga, gaskiya ne na taɓa turawa. Maganar nan kuwa da aka gaya maka ita aka gaya mini, ba ragi ba ƙari, na haɗiye ta ban ko tauna ba. Tun 2024 na ke kewaye labarin nan a wannan fili, don akwai abin kunyata a ciki. Amma tun da ka tambaya, na kuma san ba kai kaɗai ke tsaye bakin ramin nan ba, daga Yelwa har Ngaski, gara in sha kunyar in gaya maka.

Da farko mu tuna, wannan irin ɗaukar nauyi baƙon abu ne gare mu. Iyayenmu sun san tura yaro karatu nesa, amma gabas su ke turawa, da allo da akushi da buzu, a damƙa shi hannun malami. Inda ya sauka wata tsohuwa ta ɗauke shi ɗan ɗakinta, ya sami tuwon dare, da damina ya yi wa malam noma. Da boko ya zo, waɗanda suka fara ƙetare teku ba gonar ubansu aka sayar ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan a 1945, Malam Aminu Kano a 1946, duk hukuma ce ta biya. Haka aka yi ta yi zamanin Jihar Arewa har bayanta. Yau ƙofofin nan sun ƙuntata. Ko guraben da Gwamnatin Tarayya ta kan samo ta hanyar yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya, a 2025 ta ba da sanarwar daina tura sababbin ɗalibai. Kayan da hukuma ke ɗauka dā ya gangaro kan baffa da kawu da mijin yaya, watau ni da kai.

Ƙanena, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2019, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku, namiji babba da mata biyu ƙanana. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Tare aka ɗauko mu cikin jirgi a 1968, sa'ad da aka toshe Kuwara a Kainji ruwa ya ci garinmu na dā, yana goye bayan inna ni ina riƙe da akuya. Mutum fiye da 40,000 aka tayar a lokacin, muna cikinsu, aka ba ubanmu gidan siminti da gona. Da aka raba gado fadamar bakin tafki ta faɗa hannun ƙanena, ni kuwa na bi kifi. Ina saye hannun Sarkawa da Gungawa, giwan ruwa da falia da kurungu da busasshen warangi, a banda na banda, a loda a kai Anacha da Ikko. Har Allah ya hore mini babban jirgi mai inji, yana ɗaukar kaya da mutane tsakanin Warra da Malale ran kasuwa. Ban faɗi wannan don alfahari ba, sai don ka san iyakar ƙarfina, ka gwada da naka.

Yaron ya yi jami'ar Sakkwato, ya karanta ilmin kiwon kifi, ya fita da sakamako mai kyau. Ya yi hidimar ƙasa, ya zauna shekara biyu ba aiki sai taya ni lissafi. Ran nan ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, na sami makaranta a Ingila, digiri na biyu, shekara guda tak." Na ce, "Nawa?" Ya ce, "Fam 14,000." Jin fam sai na yi dariya, don mu da muka ga canjin kuɗi na 1973 mun san fam guda naira biyu aka ba mu, har yau kuwa in tsoho ya ce jaka a kasuwa, fam 100 ya ke nufi, watau naira 200. Ya ce, "Baffa, ba wannan fam ɗin ba ne." Muka zauna da alƙalami. A lokacin, farkon 2023, akwai takardar Babban Banki da a ke kira Fom A, da ita ɗalibi ke sayen kuɗin waje a farashin hukuma, dala wajen naira 460, fam wajen 570. Na buga, na ga kaya ne mai nauyi, amma ba wanda ya fi ƙarfin mutum ba in dangi sun sa hannu. Na tuna ubansa. Na ce na ɗauka.

Ga ƙa'idar Turawan yadda ta ke a shekarar. Makaranta ta kan nemi a biya wani kashi tukuna, sa'an nan ta ba yaro wata lamba da su ke kira CAS, wadda in babu ita ba a ko sauraronsa wajen biza. Muka biya fam 4,000. Bayan wannan sai a nuna ragowar kuɗin makaranta, fam 10,000, da na ci da sha da ɗaki na wata 9. A shekarar fam 1,334 ne kowane wata ga mazaunin Landan, 1,023 ga na sauran garuruwa. Namu ba a Landan ya ke ba, wata 9 ya kama fam 9,207. Duka fam 19,207 ke nan. Kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusu, in sun gaza ko da kwabo rana ɗaya, ƙidaya ta ɓaci, sai a koma fari. Ban da wannan akwai kuɗin biza kanta, fam 363, da kuɗin asibitinsu da a ke biya tun daga nan, fam 470 a shekara, da gwajin tarin fuka a Abuja, da jirgi. Kada ka riƙe waɗannan adadi, Malam na Shanga, duk sun tashi. Na asibiti ya koma fam 776 a Fabrairu 2024, na biza ya kai 524 a Afrilu 2025, kuɗin wata kuwa an ƙara shi a Janairu 2025, aka sake ƙarawa a Nuwamba na shekarar zuwa fam 1,529 a Landan, 1,171 a sauran garuruwa. Ran da za ku nema ku bincika na ranar.

Abin da ya fara ba ni mamaki, sai aka ce asusuna ba ya yi. Dokarsu ta san kuɗin yaro, ta san na uwa da uba, ta san na wanda kotu ta naɗa waliyyi, ta san na hukuma ko jami'a ko babban kamfani. Ba ta san baffa ba. Na ce, "Ni fa na yi masa huɗuba, ni zan aurar da ƙannensa, a garin nan in an ce a kira ubansa ni za a kira." Ya ce, "Baffa, Bature bai san wannan ba." Kai kuwa da ka ke mijin yayarsa, ko kusa ba ka cikin lissafinsu. Watau abin da ka tara tun kana saurayi za ka zuba shi cikin asusu mai sunan yaro, ya zama nasa a idon banki, kai ba ka da ko guntun takarda. Nawa yaron Allah ya yi shi mai amana. Naka kai ka san shi.

Fam 19,207 a farashin lokacin ya kama wajen naira miliyan 11. Na zare miliyan 5 daga jarin kifi. Ƙanwarmu da ke aure a Kwantagora ita da mijinta suka kawo 2. 'Yan'uwa suka harhaɗa 1, wani buhun albasa, wani tunkiya. Saura 3. Sai na sayar da fadamar ubansa. Uwar yaron ta ce ta yarda, yaron ya ce ya yarda, 'yan matan nan biyu kuwa, ɗaya shekara 15 ɗaya 13, ba wanda ya tambaye su. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Muka zuba kuɗin ran 5 ga Yuni, 2023, muka shiga ƙidayar kwanaki kamar masu jiran watan Salla. Ran 14 ga wata, kwana tara da zubawa, Babban Banki ya sakar wa naira linzami, aka ce kasuwa ce za ta yanka farashi. Ban ce Gwamnati ba ta da dalilinta ba, masana sun yi ta bayani, ni mai kifi ne. Abin da na gani da idona, cikin 'yan kwanaki dala ta tashi daga 460 ta haye 750, fam ya doshi 1,000. Turawan biza kuwa da farashin ranar da aka miƙa takarda su ke auna kuɗin yaro, ba na ranar da aka zuba ba. Miliyan 11 na nan kwance ba wanda ya taɓa ko sisi, amma sun tashi daga fam 19,000 sun koma 11,000. Ban taɓa ganin ɓarawo irin wannan ba, ƙofa a rufe, kwaɗo bai karye ba, rabin kaya ya tafi.

Nan ne ya kamata in tsaya. Nan ne ya kamata in kira yaron in ce, "Ɗana, Allah bai nufa bana ba, mu roƙi makaranta ta ɗaga mana zuwa baɗi." Amma gari duk ya ji ɗan wane za shi Ingila. An yi mini barka a masallaci. Ga gona an riga an sayar. Ka san halinmu, mun fi tsoron a ce wane ya kasa da mu kasa ɗin kanta.

Sai ga dillalai. Akwai mutane a manyan birane da sana'arsu ke nan, su zuba maka kuɗi a asusu kwana 28, ka biya su lada kan kowace miliyan, in biza ta fito su janye abinsu. Wani ya kira yaron ya ce miliyan 8 da rabi ba komi ba ce wurinsa. Na ce a'uzu billahi, kuɗin ruwa ne, ba na ci ba na ciyarwa. Na kwana ina jin kaina wani waliyyi. Kashegari na tafi Yelwa wurin wani abokina, babban dillalin albasa, na roƙe shi aron miliyan 8 da rabi na wata biyu, ba ruwa. Ya ba ni don Allah, Allah ya saka masa da alheri. Muka zuba, muka sake ƙidaya daga fari, aka miƙa takarda ƙarshen Yuli, biza ta fito cikin Agusta, kashegari na mayar wa mutum kuɗinsa. Aka yanka rago, aka yi walima.

To, ga abin da na ke so ka riƙe, ko ka manta da sauran duk. Na guje wa kuɗin ruwa, amma ban guje wa ƙarya ba. Kuma ba Bature kaɗai na yi wa ƙaryar ba, ko da ya ke shi ma in ya gano yaudara yana iya hana yaro shiga ƙasarsa har shekara 10. Kaina na fi yi wa. Mu nan muna ɗaukar kuɗin nan da su ke cewa a nuna kamar shingen hanya ne, wanda in ka san yadda za ka yi ka wuce, shi ke nan ka huta. Ba haka ba ne. Zama suka yi suka auna mafi ƙarancin abin da zai riƙe ran mutum a ƙasarsu, ɗaki da gurasa da wutar jin ɗumi, suka ce to nuna mana kana da shi. Wanda ya nuna na aro ya wuce shinge, amma yunwar da aka auna tana can gaba tana jiransa. Zanen aro ba ya rufe katara. Na tura ɗan ƙanena ƙasar da in ya tarar ana cin abinci ba mai ce masa bismilla, da ramin miliyan 8 a ƙarƙashin ƙafarsa, ni da shi duk mun sani, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Batun zai yi aiki ya riƙe kansa kuwa, ga gaskiyarsa. Doka ta ba ɗalibi sa'a 20 a mako lokacin karatu, in ya zarce ya karya sharaɗin biza. Mafi ƙarancin lada a shekarar fam 10 da 'yan kai ne a sa'a. Ka buga, fam 200 da ɗoriya a mako, in an sami aikin. Ba kuwa nan da nan a ke samu ba, don garin cike ya ke da irinsa, daga Nijeriya da Indiya da Pakistan, kowa na nema. Ya yi wata biyu yana yawo, sa'an nan ya samu a gidan da a ke kula da tsofaffi, aikin dare, yana yi musu wanka yana juya su a gado. Ban raina aikin ba, akwai lada. Amma ɗaki kaɗai na cin kusan rabin abin da ya ke samu. Kuɗin nan suna iya riƙe cikin yaro in ya yi tsimi. Ba su biyan makaranta.

Da ya isa cikin Satumba aka nemi fam 5,000. Fom A ya yi ta jinkiri a banki, makaranta kuwa ba ta jira, muka saya a kasuwa wajen miliyan 6. Biza da jirgi da kuɗin kama ɗaki da rigunan sanyi suka ci 3. Saura miliyan 2 a hannu, da fam 5,000 na ƙarshe da za a biya a Fabrairu 2024. A Fabrairun nan ne dala ta haye naira 1,500, fam ya kusa 2,000.

Ban manta daren ba. Ana sanyi, iska na kaɗa ruwa, waya ta yi ƙara bayan Isha. Ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya tambayi mutan gida, ya tambayi kasuwa, har ya tambayi injin jirgi. Na ce, "Kai, faɗi abin da ya sa ka kira." Ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, sun rufe mini ƙofa." Watau sunansa ya daina buɗe kwamfutar makaranta, ba darasi, ba miƙa aiki. Sun ba shi wa'adi, in bai biya ba za su sanar da ma'aikatarsu ta cikin gida cewa ba ɗalibinsu ba ne, ita kuwa ta kan ba mutum kwana 60 ya tattara ya bar ƙasar. Ba tsoratarwa ba ce. Bayan 'yan watanni, a Mayu 2024, duniya ta ji labarin ɗaliban Nijeriya na Jami'ar Teesside da aka ce su fita saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, har suka yi zanga-zanga. Makarantar yaronmu wata ce dabam, ba na kuwa ganin laifinta, haƙƙinta ta nema. Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce mako uku. Ya ce ya tara fam 1,000, yana cin abinci sau ɗaya a yini. Na ce, "Don me ba ka gaya mini ba?" Ya ce, "Baffa, na san babu."

Fam 4,000 suka rage, wajen miliyan 7 da rabi, ga ni da 2. Cikin mako guda na sayar da jirgi da injinsa ga wani mutumin Malale, miliyan 4, shi ma ya san a matse na ke. Bai cika ba. Uwargida tana da bijimai biyu wurin Fulani, ta shekara shida tana kiwo don kayan ɗakin autarmu, an kuwa sa rana bayan Salla Babba. Ban roƙe ta ba, bakina ya kasa. Da asuba ta kawo mini ruwan alwala ta ce, "Malam, aika a zo da shanun." Na ce, "Yarinya fa?" Ta ce, "Yarinya tana gaban uwarta. Shi wa ya ke da shi can?" Aka ɗaga biki shekara guda. Dangin miji suka yi ta magana, har yau akwai wanda gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki.

Aka biya, aka buɗe masa ƙofa. Na tafi wurin limaminmu in gaya masa Allah ya fid da mu, ina tsammanin zai ce madalla. Ya ce madalla ɗin, sa'an nan ya ce, "Malam, fadamar nan da ka sayar ta wa ce?" Na ce ta ƙanena. Ya ce, "Ƙanenka yana kabari, matacce ba ya da gona." Ya jawo yatsa a ƙasa ya raba mini. Matar tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin 8. Abin da ya rage, namiji rabi, 'yan matan biyu rabi. Cikin miliyan 3 nasu ya kama naira 1,312,500. Ya ce, "Uwa ta ba da nata, yaro ya ba da nasa, su manya ne. Yaran nan fa? An sa ka waliyyinsu don ka tsare musu, ba don ka kashe wa wansu ba. Kuma kada ka ce adadin nan za ka mayar, nairar da ka karɓa ba ita ce ta yau ba. Ƙasa ka raba su da ita." Kowa ya san abin da addini ya ce game da dukiyar maraya, ni ma na sani tun ina makarantar allo, amma duk watannin nan ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, don ina ganin alheri na ke yi. Wannan ya fi sayar da jirgi yi mini ciwo. Jirgi nawa ne.

Wani zai ce to a bar Ingila, a nufi inda ya fi sauƙi. Sauƙin ma yana da nasa. Yaranmu da yawa suna Hartum sa'ad da yaƙi ya tashi ran 15 ga Afrilu, 2023, aka kwaso su cikin motoci ta hamada zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin jirgi ya kawo su Abuja cikin Mayu, karatu ya yanke a tsakiya. Na Yukren haka a 2022. Kwatano kuwa, a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sayo digiri can cikin mako 6, Gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairu 2024, abin ya shafi mai gaskiya da mai ƙarya. Masar da Indiya da Maleshiya sun fi Ingila araha, amma ba da naira a ke biya ba, digiri na farko kuwa shekara 3 ne ko 4, na likita ya fi haka. Ni shekara guda ta ci mini jirgi.

Saboda haka, Malam na Shanga, ban ce kada ka ɗauka ba. Zumunci ne, ilmi ne kuma. Amma ka zauna kai kaɗai da dare, ka buga kuɗin duka har ranar da yaro zai karɓi takardarsa, ka ƙara rabinsu a kai don halin naira, sa'an nan ka tambayi kanka, in sun tafi ba su komo ba, gidanka zai ci tuwo? In zai ci, kuma kuɗin naka ne ba na aro ba, ba na maraya ba, to bismilla. Sai dai kada ka bar su kwance a naira kamar yadda na yi. Ka biya makaranta gaba ɗaya tun da wuri, ko ka canza su ka ajiye, don da na biya fam 14,000 nan take sa'ad da fam ke 570, da jirgina na nan. Kuma ka tara dangi, har da matarka da surukinka, a rubuta wane ya ba da kaza, kyauta ce ko rance, a sa shaidu. Mu ba mu rubuta ba, yau ƙanwata ta Kwantagora tana cewa kyauta ta yi, mijinta yana cewa rance ne, ni ke tsakiya.

Kafin duk wannan ma, ka sa yaro ya ƙwanƙwasa ƙofofin da ke biyan komi. Akwai gurbin Chevening na Gwamnatin Ingila, wanda ke neman mutum ya yi aiki kamar shekara biyu tukuna, akwai na Kwamanwel, akwai na asusun man fetur da a ke kira PTDF, akwai hukumar ba da tallafin karatu ta Jiharmu ta Kebbi. Suna da wuyar samu, amma wanda ya nema ya rasa ba abin da ya yi asara sai lokaci. Nawa yaron ko ɗaya bai nema ba, don dillali ya ce masa ɓata lokaci ne. A nan ina roƙon shugabanni cikin ladabi. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Allah ya ja zamaninsa, ya shugabanci jami'ar Sakkwato kafin ya hau gadon sarauta a 1999, ba wanda ya fi shi sanin hanyoyin nan. Da za a sa wani malami a Yelwa wanda talaka zai je wurinsa da takardun ɗansa ya duba masa tsakani da Allah kafin a sayar da gona, da an tsare gidaje da yawa.

In kuwa ka buga ka ga ba su cika ba, ka gaya wa matarka gaskiya yau. Za ta yi kuka, danginta za su ce ka yi rowa, za a yi wata biyu ana kawo maka tuwo ba magana. Na san da zafi. Amma ya fi ka ji muryar yaro cikin dare daga ƙasar da ba ka iya kai masa ko ƙwarya guda ta hatsi. Digiri na biyu ana yinsa a Sakkwato da Zariya da Kano. Abin dariya ma, ilmin kifin da muka ƙetare teku nema, ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa nan a Sabuwar Busa, ƙarshen tafkin nan namu, jirgina ya sha wucewa kusa da ita.

Za ka so ka ji ƙarshen yaron. Ya gama a ƙarshen 2024, ya aiko da hoto da doguwar riga da hula mai tuta, uwarsa ta sa a bango. Ya sayi bizar nan ta shekara biyu da a ke ba wanda ya gama karatu, da guminsa, kusan fam 3,000. Aikin kifi bai samu ba tukuna, yana nan gidan tsofaffi, yanzu cikakken mako. Kowane wata yana aikowa, mun kuwa yi da shi ba mai taɓa ko sisi sai an cika na ƙannensa. Na je wurin wanda ya sayi fadamar sau biyu, ya ce ko an ninka masa ba ya sayarwa, albasa ta karɓe shi, don haka muna neman wata a gefen Libata. Uwarsa kullum ta gan ni sai ta ce, "Yaya, yaushe zai komo?" In na tambaye shi sai ya ce sai ya sauke bashi. Jirgin kuwa ina ganinsa ran kasuwa, an sake masa fenti, mai shi ya kan ɗaga mini hannu in ɗaga masa.

In ka sami hali ka zo Warra kafin ku zuba ko sisi. Ka tambayi mai kifin da ke rubutu a jarida, yara za su kawo ka. Ka zo da yaron da takardunsa, zan fito maka da littafin lissafina ku duba tare.

Labarin albasa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Mai Kifi Na Bakin Tafki,
Warra.